Amsa: Ma'anar zanen da ke tambarin Meghan

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zane-zanen da ke tambarin Meghan Markle, matar Yarima Harry, ado ne kawai. Ba ado ba ne, kusan kowane abu da labarinsa.

An fito da shi a watan Mayun 2018, kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aurensu. Shuɗin da ya mamaye garkuwar da ke tsakiyar tambarin yana nufin Tekun Fasifik ne na gaɓar Kalifoniya, jihar da aka haife ta, ratsin zinare biyun kuma hasken ranar can ne. Gashin tsuntsu uku da ke jere, irin wanda a da Turawa ke fiƙewa su yi alƙalami da shi, suna nufin ƙarfin magana da isar da saƙo. Ni nan ya fi burge ni, don ko farin tsuntsun da ke riƙe da garkuwar baki buɗe aka zana shi, fukafukai a ɗage, kamar yana tsakiyar waƙa.

Zakin da ke ɗaya gefen na mijinta ne. Duba ƙasa kuma, za ka ga furen Kalifoniya ruwan zinare gauraye da wani fure da ke tsirowa a fadar Kensington.