Tambaya da Amsa: Shin dinyar Turai tana sauka a gonakin Kaduna bayan kaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga wani shiri a talabijin inda Turawa ke fita gonaki a watan Nuwamba domin kallon tarin dinya da wasu fararen tsuntsayen teku masu bin bayan tarakta. Ina da gonar shinkafa a wajen Rigacikun, kuma ina son in fara irin wannan kallo tare da 'ya'yana. Shin tsuntsayen suna zuwa nan, kuma ta ina zan fara? Daga wani manomi a Kawo, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dinyar da ka gani ba ta zuwa ƙasarmu. Akasarinta tana ƙyanƙyasa ne a yankuna masu tsananin sanyi irin su Aislan da Girinlan, idan ƙanƙara ta rufe mata abinci sai ta gangaro Birtaniya da Holan daga watan Satumba zuwa Nuwamba, ta riƙa kalar hatsin da ya zube a gonakin da aka girbe. Ba ta ƙetare Sahara. Masu ƙetarowa su ne wasu ƙananan agwagin ruwa, waɗanda ke cika dausayin Haɗeja da Nguru da kuma tafkin Chadi a lokacin hunturu.

Amma muna da tamu dinyar, kuma a ganina ta fi waccan cika ido, domin babu tsuntsun ruwa na jinsin agwagi da ya kai ta girma a Afirka. Bayanta baƙi ne mai sheƙi, cikinta fari, bakinta da fatar fuskarta ja, sannan a gwiwar kowane fiffike tana da ƙaho mai tsini irin na ƙafar zakara, wanda take faɗa da shi. Daga Nuwamba, idan ƙananan kududdufai suka fara ƙafewa, takan taru a inda ruwa ya rage, ta yini a can, ta fito kiwo da sassafe ko da almuru. Saboda haka fadamar shinkafa da aka gama yanka, wadda ke kusa da kogin Kaduna ko madatsar ruwa ta Kangimi, ita ce wurin dubawa. Tsuntsuwa ce mai tsananin wayo saboda ta saba da maharba, don haka ku isa bayan sallar asuba, ku zauna a gindin bishiya cikin tufafi marasa haske, rana tana bayanku, kuma ka ja wa yara kunne kada su yi ta nuni da hannu. Sau da yawa kirinjijiya, wata agwagwar ruwa mai farar fuska, za ku fara ji kafin ku ga komai, tana wucewa a sama da fitonta mai gaɓa uku.

Batun tsuntsayen teku kuwa, kada ka sa rai sosai. Fararen da ke bin garma ko shanu a gonakinmu belbela ce, kuma bambance su ba wuya: belbela tana da dogon wuya da take lanƙwasawa idan ta tashi, ƙafafunta na miƙe a baya, shi kuwa na teku gajeren wuya gare shi, yatsunsa a haɗe da fata, yana kuma zama a kan ruwa kamar agwagwa. Akwai wani tsuntsun teku mai tokar kai da jan baki da ke zaune a manyan ruwayen Arewa, kuma wanda yake son ganinsa ya fi dacewa ya nufi Nguru ko Dagona a Jihar Yobe tsakanin Disamba da Fabrairu.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, tare da ɗan littafin da za ku riƙa rubuta rana da wuri da adadin abin da kuka gani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara irin waɗannan bayanai daga masu sa kai.

Idan kuka tarar da mushen tsuntsu a bakin ruwa, kada kowa ya taɓa shi, kada kuma a kai shi gida inda kaji suke. A nan Jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a kajin Afirka, cikin Fabrairun 2006, don haka sai a sanar da likitan dabbobi mafi kusa.