Ɗana zai je yawon bakin teku a Busua, ya ce ya iya ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Ɗana mai shekara 19 da samarin unguwa sun tara kuɗi za su tafi Busua washegarin ƙaramar Sallah. Wai za su taka da ƙafa ta bakin teku zuwa Dixcove, sannan su nufi Cape Three Points, suna sauka lungunan duwatsu suna ɗaukar hoto. Tun da ya faɗa mini barci ya ƙaurace mini. Ya ce in kwantar da hankalina, ya iya ruwa, a tafkin Bosomtwe ya koya, kuma ba za su shiga ba sai inda ruwan ya kwanta. Kawunsa ma ya karɓo masa layar ruwa. In hana shi ne ko in bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba zan ce ki hana shi ba. Na daɗe ina raka baƙi a wannan gaɓar ta ƙasar Ahanta, kuma wuri ne da ya cancanci yaron Zango ya gani da idonsa. Daga Busua zuwa Dixcove tafiyar kamar rabin awa ce, a can zai ga tsohuwar ganuwar Turawa ta Fort Metal Cross a kan tudu, kwale-kwalen masunta jere a ƙarƙashinsa. A Butre akwai ganuwar Batenstein da mutanen Holan suka gina a 1656. Cape Three Points kuwa nan ne ƙarshen Ghana ta kudu, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925, ga gandun daji da gwamnati ta keɓe a bayansa. Tafiyar ba ta ba ni tsoro ba. Maganarsa ce ta tayar mini da hankali, inda ya ce sai wurin da ruwan ya kwanta.

Hajiya, wannan maganar ita ce ke cinye mana yara. Ina jin ta daga bakin kusan kowane ayari da ya sauko daga trotro, wato motar haya, a Agona Nkwanta, kuma na gaji da jin ta. Mutum ya tsaya a bakin teku, dama da hagu igiyar ruwa na fashewa da farin kumfa, a tsakiya ga wani zirin wuri ya yi lamo, launinsa ya ɗan fi duhu. Ido zai ce masa nan ne lafiya. To nan ne hanyar komawar ruwa. Duk ruwan da igiya ta tunkuɗo gaɓa dole ya koma, sai ya nemi rami tsakanin tudun yashi ko gefen dutse ya kwarara ciki kamar kwata bayan ruwan sama. Igiya ba ta fashewa a wurin saboda ya fi zurfi, shi ya sa yake kama da kwantacce. A lungun da duwatsu suka rufe ta gefe biyu abin ya fi muni, domin ruwan ba shi da mafita sai ta jikin dutsen, daidai inda yaro zai ga kamar ya samu abin dafawa. Idan ya yi ƙarfi gudunsa kan wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya. Zakaran iyo na duniya ba ya cin wannan gudun, balle wanda ya koya a Bosomtwe. Bosomtwe tafki ne a cikin kwari, ba ya cikowa ba ya janyewa, ba abin da ke jan ƙafarka. Wanda ya saba da shi bai san teku ba tukuna.

Kuma ruwan nan ba ya jan mutum ƙasa. A nan ne jita-jita ke shigowa, a ce aljanar ruwa ce ta riƙe masa ƙafa. Waje yake kai mutum, nesa da gaɓa. Sai ya firgita, ya juyo yana kokawa da shi kai tsaye, minti biyu ko uku hannuwa su mutu, ya fara shan ruwa. Gajiya da firgita su ke kashewa. Da zai kwanta rigingine ya bar ruwan ya tafi da shi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in numfashi ya dawo ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, da ya fita, domin zirin ba shi da faɗi sosai kuma ƙarfinsa kan mutu bayan inda igiya ke fashewa. Amma wannan dabarar wanda tsautsayi ya riga ya faɗa wa ce. Ɗanki kada ya shiga ko kaɗan a waɗannan lungunan. Yawancinsu ba mai ceto, ba allon gargaɗi, ba ko igiya a rataye, kuma mun yi magana har bakinmu ya bushe.

Batun laya kuwa, ki yi haƙuri, ba zan yi wa kawunsa kara ba. Da hannuna na taya masunta jawo wani saurayi da guru a ƙugu, fatar layar ta jiƙe sharkaf. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya sha ruwa har sai da aka kwantar da shi a asibiti. Abokansa sun ce shi ya fara shiga, saboda shi ne mai "shiri". Illar ke nan. Ba don layar ba da tsoro ya tsayar da shi a kan yashi, kuma tsoron nan rahama ne. Wanda ya karɓi kuɗi ya rubuta ta yana cikin gari, wataƙila bai taɓa jin ƙarar teku da dare ba. Su kansu masuntan da aka haifa a kan ruwan nan sukan tsaya su karanci teku kafin su tura kwale-kwale, wata rana su fasa fita. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. A yi addu'ar tafiya, ki sa masa albarka, amma kada wani ya sayar wa yaro ƙarfin halin ƙarya da sunan addini.

Akwai kuma cikowar ruwa, kuma lokacin da suka zaɓa ya sa dole in faɗa. Teku na cikowa sau biyu a kwana, tsakanin janyewa da cikowa awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ya fi cikowa a kwanakin farko na wata da kuma daren 14 da 15. Washegarin ƙaramar Sallah ke nan daidai. Lungun da suka shiga da hantsi ta kan busasshen yashi, kafin la'asar ƙofarsa na iya zama ruwa, bayansu kuma dutse a tsaye. Su tambayi masunta lokacin janyewa kafin su sauka. Duk dutsen da suka gani a jiƙe, ko mai gansakuka, igiya na kaiwa nan ko da a lokacin ba ta kai ba, kuma mai hoto da ya juya wa teku baya shi take ɗauka. Su bar chalewote, wato silifas, a masauki su sa kambas, saboda santsi da ƙayar bushiyar teku. Bakin kogi a Butre da Akwidaa kada su ratsa ta ruwa.

In wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi. Sau da yawa mai ceton ne ake rasawa. A jefa masa galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar roba, da murfinsa a rufe, a yi wa masunta ihu, a kira 112. Idan sun ci karo da ramin ƙwan kunkurun teku a yashi su wuce, doka ta hana taɓa shi.

Ki sa shi ya ba ki lambar ɗan garin da zai raka su, ki yi magana da mutumin da kanki kafin su bar Kumasi. Ƙarfe 6 rana ke faɗuwa a can, duhu kuma ba ya jira, don haka ƙarfe 4 su kasance sun hau hanyar masauki, ya buga miki waya daga nan.