Gwanin iyo da tukunyar iska: amsa ga Sani

Sani ya tambaya: "Maigida, tun ina ƙarami nake nutso a kogi. Wani abokina yana da tukunyar iska da na'urar shaƙa, ya ce zai ara mini. Wannan takardar shaida da ake cewa sai an yi kwas, ba cin kuɗi ba ne kawai? Me zai hana in koya a cikin ruwan?"

Sani, mayar masa da kayansa tukuna. Ba takardar ce ta dame ni ba. Gwanintar da kake taƙama da ita ce ke tayar mini da hankali, don ita za ta fara cutar da kai.

Mai nutso da numfashinsa a sama yake cika huhu, ya riƙe, ya sauka, ya dawo. Iskar ta matse a ƙasa, ta koma yadda take da ya taso, lafiya lau. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake cika huhunsa, da iskar da nauyin ruwa ya riga ya danne. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da muke ciki a nan sama, abin da agogon tukunya ke kira bar 1. To idan ka cika huhu a mita 10, ka riƙe, ka taso, iskar za ta ninka girmanta sau 2 a cikin ƙirjinka. Huhu ba ya yi maka gargaɗi, yagewa kawai yake yi. Kumfa ta shiga jini ta haura ƙwaƙwalwa, mutum ya fito ya suma ko ɓarin jikinsa ya shanye cikin 'yan mintuna. Tasowar da ba ta kai mita 2 ba ma tana iya yin wannan. Kai kuma da ka saba, duk sanda ka firgita a ruwa jikinka abu biyu ya sani: riƙe numfashi da neman sama. Wannan ɗabi'ar ake cirewa a wajen horo.

Shi ya sa ake fara koyarwa a ruwan da za ka iya miƙewa tsaye. Malami zai sa ka cika gilashin fuskarka da ruwa ka fitar da shi da iskar hanci. Zai sa ka jefar da na'urar shaƙa ka lalubo ta alhali kana sakin kumfa ta baki. Za ka karɓi iska daga tukunyar abokin nutsonka, ka koyi kwance ɗamarar dalma, wadda nauyinta ke taimaka maka nutsewa, da hannu ɗaya, ka taso a hankali kana fitar da sauti don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Ana maimaitawa har hannu ya riƙa yi ba tare da tunani ba. Ƙungiyoyi irin su PADI, wadda aka kafa a 1966, da CMAS ta 1959, su ke ba da shaidar. Kwas ɗin farko kwana 3 zuwa 4 ne, da nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa, kuma iyakarsa mita 18. Kafin nan sai an tambayi lafiyarka: asma, farfaɗiya, ciwon zuciya ko tsohon tarin fuka duk sai likita ya duba. Ranar da kake mura ma ba a shiga, don kunne ba zai daidaita da matsi ba, dodon kunne ya fashe.

Ga lissafin iska, wanda mai aron kaya ba ya yi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. Bar 50 ba naka ba ne, ajiya ce ta tasowa, saura lita 1,800. Mutum yana shan kusan lita 20 a minti a sama. A mita 20, inda matsin ya ninka sau 3, zai sha 60, wato minti 30 ke nan. A mita 30 zai sha 80, bai fi minti 22 da rabi ba. Sabon shiga mai haki yana iya ninka wannan shan iskar.

Sai naitirojin, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar. A ƙasa yana narkewa cikin jini da tsoka. Idan ka taso da sauri, sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya. Alamunsa ciwon gaɓoɓi, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, ƙaiƙayi, mutuwar ƙafa, jiri, kasa fitsari, kuma yakan ɗauki awanni kafin ya bayyana. Don haka ba a wuce mita 9 zuwa 10 a minti wajen tasowa, a tsaya minti 3 a mita 5. A mita 18 iyakar zama kusan minti 56 ne, a mita 30 kuwa minti 20. Daga mita 30 ɗin nan ma naitirojin yana fara bugar da mutum kamar maye. Kuma ka lura da wannan, don ya shafe mu: jadawalin nan na bakin teku ne. Duk ruwan da ya haura mita 300 sama da teku sai an rage lokacin, kuma yankin Kano da dam ɗin Tiga sun haura haka. Ƙishirwa tana ƙara haɗarin, shi ya sa ba na son nutso mai zurfi da azumi a baki.

Ka tambayi abokin naka ina aka cika tukunyar. Idan injin mai faci ne ko na fenti, kada ka sa ta a baki. Iskarsa tana da tururin mai, kuma in bututun zuƙa yana kusa da salansa, gubar da ke cikin hayaƙin injin za ta shiga, ga ta ba wari ba launi. Ciwon kai ne farko, sai suma a ƙasan ruwa. Ka duba wuyan tukunyar kuma: akwai tambarin ranar gwajin ƙarfinta, wanda galibi ake yi duk shekara 5, ban da leƙa cikinta kowace shekara saboda tsatsa.

Ruwanmu ba na yawon buɗe ido ba ne. Laka ce, ba ka ganin tafin hannunka, ga tsohon taru da kututture. Kusa da ƙofar dam ko bakin bututu, ruwa yana zuƙar mutum ya manna shi, ƙarti goma ba sa ciro shi. Wannan aiki yana buƙatar horon ma'aikatan nutso, da igiya a jiki, da mai tsaro a sama. Takardar kwas ɗin farko ba ta kai nan ba.

In ka ga wani ya fito da alamun da na faɗa, kwantar da shi, a ba shi oksijin zalla, a nufi asibiti ana neman inda ake da ɗakin matsin iska, wanda ake jinyar irin wannan ciwo a cikinsa. Kada a mayar da shi ruwa da sunan magani. Kai kuwa ka je likita ya duba ƙirjinka da kunnuwanka, ka kawo mini sakamakon, sai mu nemo malami mai lasisi. Kafin nan, aikinka riƙe igiya da duba agogo a sama.