Ka fara warkar da ƙwaurinka, sannan mu yi maganar Amurka

Ƙanena, na ga saƙonka. Layi tara kana tambayar yadda ake samun gurbin karatu ta hanyar gudu, sai can ƙarshe ka saƙala cewa ƙwaurinka na ciwo wata biyu ke nan, amma wai ba komai ba ne. To wannan na ƙarshen kaɗai zan amsa yau.

Ni ma haka na ce a shekarata ta farko. A Sakkwato kan ƙasa muke gudu bayan asuba. Da na zo nan Amurka, cikin mako uku koci ya ninka mini nisan, ga sanyi, ga daɓen siminti. Gefen ƙwaurina na ciki ya soma zogi, daga saman idon sawu har tsakiya. In na fara gudu ya taso, jiki na ɗumi ya lafa, da yamma ya dawo. Na yi gum, don tallafin karatun nawa shekara-shekara ake sabunta shi, ina tsoron a ce rago ne. Sai shafa Robb ɗin da Inna ta cusa mini a jaka nake ta yi, har abokin ɗakina ya riƙa buɗe taga ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara. Rannan ina saukowa daga bene ƙafar ta ƙi ɗaukata. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba, sai na'urar MRI ce ta gano ƙashin ya tsage. Mako takwas ina jan wani takalmi kamar bokiti, aka gama gasar shekarar ina kan benci. Kocin da ke dafa kafaɗata kullum ya koma ɗago mini hannu daga nesa. Wallahi wannan ya fi ƙafar yi mini ciwo. Na dai dawo, na kuma gama digirina da ƙafar nan, amma ba wanda ya jira ni.

Yanzu sa yatsa ka bi gefen ƙashin. In zafin ya bazu kamar tsawon tafin hannu, gajiya ce ta ƙashi da naman da ke manne da shi, hutu na warkar da ita. In kuwa wuri ɗaya ne tak, ko yana tashinka da dare, ko ba ka iya tsalle da ƙafar ita kaɗai, ka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɓangaren ƙashi. Ƙahon wanzami ba ya kaiwa wurin. Tramadol kuma ko kusa, ɓoye maka ciwon zai yi kana ƙara ɓarna.

Ka ajiye gudu mako biyu zuwa shida, keke ya ishe ka riƙe numfashi. Sayi ruwan leda da ya daskare, ka naɗe a tsumma, ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku a rana. Ka riƙa tsayawa bakin dakali kana ɗaga dunduniya kana saukewa a hankali, sharaɓa ta yi ƙarfi.

Takalminka fa? Na tabbata na gwanjo ne. Takalmin gudu tsakanin kilomita 500 da 800 yake mutuwa ko da samansa na ƙyalli, kai kuwa wanda wani ya gama cinyewa ka saya.

Sai ka yi kwanaki kana tafiya ba zafi za ka koma, yau gudu gobe hutu, kan ƙasa mai laushi, ban da kwalta. Kada ƙarin nisa na kowane mako ya wuce kashi 10 cikin 100. Ranar da ka zagaye filin wasa na Giginya ba ɗingishi, ka turo mini lokacinka na mita 1500, mu ga ko akwai abin nuna wa wani koci.

Ka gai da Inna, ka ce kada ta sake ba wani kilishi ya kawo mini, a filin jirgi suke ƙwacewa.