Yadda ƙwayar cutar yaushin tumatir take isa ga saiwa

Tambaya: Ni manomin tumatir ne. Shukata takan yi yaushi farat ɗaya ganyenta na nan kore shar, kuma an ce mini wata ƙwayar cuta ce daga ƙasa. Yaya abin da ba shi da ƙafa yake kai kansa cikin shuka?

Amsa: Malam, alamar da ka bayyana ta yi kama da aikin bakteriyar da ake kira Ralstonia solanacearum, wadda masanin cututtukan tsirrai na Amurka Erwin Smith ya fara bayyanawa a 1896, kuma tana kama tsirrai fiye da iri 200, ciki har da dankalin Turawa, gauta, barkono da gyaɗa. Ka yanke karan shukar kusa da gindi, ka tsoma bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau. Idan ita ce, cikin 'yan mintuna za ka ga farin abu kamar zaren madara yana gangarowa.

Ƙafa kam ba ta da ita, amma tana da siririyar wutsiya mai juyawa wadda take iyo da ita cikin damshin ƙasa. Wata ƙwayar gado, wato umarnin halitta da ke cikin jikin bakteriyar, mai suna fliC ce ke samar da sinadarin da ake gina wutsiyar, wasu kuma irin su cheA da cheW ke ba ta ikon sansanar abin da saiwa ke fitarwa, ta bi sawunsa har ta tarar da rauni ko wurin da sabuwar saiwa ta ɓullo. A 2001 masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka lalata fliC, sai suka ga idan an zuba bakteriyar a ƙasa ƙarfinta na sa cuta ya ragu ƙwarai, amma idan an ɗura ta kai tsaye cikin shuka ta yankakken wuri, tana kashewa kamar ba a taɓa ta ba. Wannan sakamakon, a ganina, shi ya fi shafar manomi, domin ya nuna cewa iyon nan amfaninsa a bakin ƙofa ne.

Da ta shiga, sai wasu ƙwayoyin gado da ake kira hrp su ƙera mata wata irin allura wadda take ɗura sinadarai masu kashe garkuwar shuka da ita. Sa'an nan idan ta hayayyafa cikin hanyoyin ruwa na kara, ƙwayar gado PhcA takan rage iyon, ta sa a dinga fitar da yauƙi mai kauri. Yauƙin nan da cunkoson bakteriyar ne ke toshe hanyar ruwa, shi ya sa tumatir ke yaushi alhali ƙasa a jiƙe take.

Abin takaici, babu feshin da zai warkar da shukar da ta riga ta kamu. Ka tuge ta da ƙasar gindinta ka fitar daga gona, kada ruwan ban ruwa ya bi ta wurin ya wuce sauran kunyoyi, ka kiyaye saran saiwa da fartanya, ka wanke wuƙar aiki, kuma ka hutar da filin da masara ko dawa na wasu shekaru kafin tumatir ya koma.