Tambayoyinku Kan Fasaha: "Tunda Aka Ɗora Min Windows 11 Kwamfutata Ta Canza Hali"

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, saƙonnin da ke shigo min kusan duk bakinsu ɗaya. An kai kwamfuta wajen mai gyara, an ɗora Windows 11, an dawo gida, ta tsiri halin da ba a san ta da shi ba. Ga kaɗan da na tsinto. Masu tambayar waya ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Malam, maɓallin Start ya bar gefen hagu ya dawo tsakiya, kuma in na danna dama a kan fayil ba na ganin Copy da Paste. Ko manhajar da aka saka min jabu ce? Daga wani ma'aikaci a Malali.

Amsa: Ba jabu ba ce, haka suka ƙera abinsu. Danna dama a kan sandar ƙasa, shiga Taskbar settings, nemo Taskbar behaviors, ka mayar da alignment zuwa Left. Tsohon jerin da ka saba da shi kuma zai fito in ka riƙe Shift kafin ka danna dama. Copy da Paste suna nan, an dai mayar da su 'yan ƙananan hotuna ne. Amma yallaɓai, ma'aikaci guda har yau da linzami yake farautar Copy? Ctrl da C suna gaisuwa.

Tambaya: Da hotspot ɗin wayata nake haɗa laftof. Datar da a da take kai ni ƙarshen wata yanzu ko mako ba ta yi. Daga wata mai sayar da atamfa ta intanet, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, kwamfutarki ta ɗauka Wi-Fi na ofis kike ba ta, shi ya sa take ci ba tausayi. Shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, buɗe sunan hotspot ɗinki, ki kunna Metered connection. Daga nan ta san datar saye ce, za ta rage zari. Sai ki leƙa Windows Update, Advanced options, Delivery Optimization, ki kashe damar musayar sabuntawa da wasu na'urori. In kina son ganin ɓarawon ido da ido, Data usage na ƙarƙashin Advanced network settings zai jero miki abin da kowace manhaja ta ci. Ina zargin OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, za ki tarar a sama, yana kwashe hotunan atamfofi yana lodawa. Kada dai ki rufe sabuntawa gaba ɗaya. Babbar takan fito ranar Talata ta biyu a kowane wata, ki nemi inda data ke da araha ki bar ta ta sauka.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe, firojet ɗina na cikin laftof, saura kwanaki in miƙa. Watanni uku da suka wuce wani mai gyara ya yi mata fomatin ya saka Windows 11. Jiya ta yi sabuntawa, da ta tashi sai ga shuɗin allo yana cewa in shigar da BitLocker recovery key. Na saka fasuwod ɗina bai karɓa ba. Wani ya ce a sake fomatin kawai. Ni ban taɓa saka wani BitLocker ba. Daga wata ɗaliba a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko, wanda ya ce a sake fomatin ki gaishe shi, ki riƙe laftof ɗinki da hannu biyu. Ana yin fomatin firojet ya tafi, babu mai dawo da shi.

Gaskiya kika faɗa, ba ke kika saka ba. Daga fitowar 24H2 ta shekarar 2024, in aka yi sabon girki na Windows 11 kuma aka shiga da asusun Microsoft, kwamfuta kan kulle duk abin da ke cikin faifanta da kanta, ba tare da ta yi shawara da kowa ba, wannan kullewar ita ce BitLocker. Manufar mai kyau ce: in an sace laftof, ɓarawo ko ya cire faifan ya jona a wata kwamfutar ba abin da zai iya karantawa. Makullin yana zaune cikin wani ɗan guntu da ake kira TPM, shi ke buɗe miki kullum ba ki sani ba. Ranar da wani abu ya sauya a ƙasa, kamar sabunta BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta), ko taɓa Secure Boot (tsaron lokacin tashinta), ko canza babban allon cikin kwamfutar, sai TPM ya ce bai gane gidan ba, a kawo makullin ajiya. Wannan makulli lambobi 48 ne, rukuni takwas, kowane rukuni lamba shida. Ba fasuwod ɗinki ba ne, ba kuma PIN ba ne, ki daina wahalar da yatsunki.

Makullin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi. Nan ne hankalina ke tashi, domin na san yadda ake yi a shagunan nan. Windows 11 tana tsayawa tsakiyar girki ta ce sai an ba ta imel. Mai kwamfuta ta tafi cin kasuwa ko ta koma lakca, yaron shago ga layi na jiran sa, sai ya zuba nasa imel ɗin, ko ya ƙirƙiri wani nan take da fasuwod ɗin da shi kansa ba zai tuna da shi gobe ba. Ke kuma kin dawo, kin ga allo ya yi kyau, kin biya, har da godiya. Daidai yake da mutum ya gina gida ya tare, makullan kuma suna aljihun magini.

Ga abin yi. Ɗauki hoton shuɗin allon da waya, akwai wata lamba a jiki mai suna Key ID, haruffa takwas na farkonta ake bukata. A wayarki buɗe aka.ms/myrecoverykey ki gwada duk wani imel da kika taɓa buɗe asusun Microsoft da shi. In babu, ki tafi shagon da ƙafarki, ba kira ba, ki zauna kusa da shi ya buɗe nasa asusun a gabanki. Kada ki yi mamaki in kika ga makullan mutane rututu a ciki. Wanda Key ID ɗinsa ya dace da naki shi ne naki. Tun kina wurin ki sa ya buɗe OneDrive na wannan asusun, don akwai yiwuwar foldar Documents da Desktop ɗinki sun daɗe suna hawa can, firojet ɗin na iya kasancewa a ciki.

Kin ji daɗin wannan labari ko? To ki sake tunani. In firojet ya hau asusunsa, hotunan da ke foldar Pictures ma sun hau. Hotunan biki, hoton katin shaida, takardun makaranta, duk abin da kika ajiye kina ganin ke kaɗai ke gani. Ban ce yaron mugu ne ba, galibinsu sauri kawai suke yi, ba su ma san hakan na faruwa ba. Amma wayarsa tana yawo hannun abokai, kuma ba kowa ne ɗan halak ba. Ki sauke naki, ki tsaya a kansa ya goge sauran, har da kwandon shara na OneDrive ɗin.

In kuwa ya ce ya manta imel ɗin, kuma hanyar dawo da asusu ta lambar waya ta ƙi, ba zan ɓoye miki ba: Microsoft da kansu ba sa iya ƙirƙiro makullin da ya ɓata. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai fasa BitLocker, kuɗinki yake so. Sai ki koma binciken WhatsApp da imel, ko akwai babin da kika taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki, ko filas ɗin da kika kai shagon buga takardu.

Sauran masu karatu kuma, da ku nake. Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, ku shiga Settings, Accounts, Your info, ku ga imel ɗin wa ke wurin. In ba naku ba ne ku fitar da shi ku saka naku, sannan ku je Privacy & security, Device encryption, ku kashe, ku jira ta gama, ku sake kunnawa don a yanka sabon makulli a asusunku. Masu laftof ɗin gwanjo da ta fito daga wani kamfanin ƙasar waje, ku naku ya fi tsanani, don makullin na iya zama a hannun ofishin da ba ku san ko a wace ƙasa yake ba. Mai son ganin lambobinsa kai tsaye ya buɗe Terminal a matsayin admin ya rubuta manage-bde -protectors -get C: zai gan su. Ku kwafe da biro a takarda, ku ajiye inda kuke ajiye takardar fili. Ni abin da nake yi ke nan, kuma ba na ajiye hotonta a cikin kwamfutar da take buɗewa, wanda na ga masu digiri sun yi.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne a ce aikin shekara guda kwafinsa ɗaya tak a duniya. Filas nawa yake? Tura wa kanki fayil ta imel duk daren Juma'a nawa zai ci? Kuma don Allah, duk wanda zai kai kwamfuta a yi mata girki ya zauna a wurin. In an zo wajen imel, ya karɓi kibod ya rubuta da hannunsa. Mai gyaran da ya ɓata rai don wannan, akwai wani a shagon gaba.

Tambaya: In na danna Shift da 2 don rubuta @ sai alamar zance ta fito. Daga wani ɗalibi, Rigasa.

Amsa: An saka maka tsarin kibod na Ingila, naka kuma na Amurka ne. Maɓallin Windows da Space yana sauyawa. Sannan ka shiga Settings, Language & region ɗin, ƙara kibod na Hausa. Riƙe Alt na dama ka danna k, d ko b, za ka sami ƙ, ɗ da ɓ. Saƙonka babu ƙugiya ko ɗaya, sai da na karanta sau biyu.

Tambaya: Laftof ɗina HP EliteBook 840 G3 ce. Da Windows 10 lafiya lau take, yanzu fanka na ta ihu, buɗe Chrome sai na sha shayi na dawo. Daga wani malamin makaranta, Kawo.

Amsa: Malam, wannan kwamfutar ba ta cikin waɗanda aka gayyata. Duba sunan injinta, za ka ga wani abu kamar i5-6300U. Lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 6, ita ce zubinta, Windows 11 kuma daga zubi na 8 ta fara karɓa a ɓangaren Intel. Ta bayan gida aka shigar maka da ita, galibi da manhajar Rufus. Tana aiki, amma Microsoft sun faɗa ƙarara cewa ba su yi wa irinta alkawarin sabuntawa ba.

Nauyin kuwa ban ɗora wa injin duka ba. In kwana ɗaya ko biyu ne da girki, ka bar ta a kunne a caji, lissafin fayiloli take yi, za ta lafa. In ya wuce haka danna Ctrl, Shift da Esc ka dubi Disk. Ka gan shi ya kafe a 100, to tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ka saka SSD, wato faifan zamani mara juyawa, RAM kuma ya kai 8GB. Cewa da suka yi 4GB ya isa, ya isa ta kunnu ne kawai. Fankar ma a buɗe a kaɗe mata ƙura, hunturun Kaduna ba ya raga wa kowa. In ɗorawa aka yi a kan tsohuwar ba fomatin ba, kana da kwana 10 ka koma ta System, Recovery, Go back, matuƙar ba a goge foldar Windows.old ba. Wanda ya koma sai ya shiga shirin ESU na ƙarin sabuntawar tsaro ga Windows 10, wa'adinsa ga kwamfutocin gida 13 ga Oktoban 2026 ne.

Tambaya: Ana sallar Azahar agogon kwamfutata na nuna biyar na asuba. Daga wani dattijo, Unguwar Sarki.

Amsa: Baba, lokacin yammacin Amurka aka bar maka. A Date & time ka zaɓi West Central Africa. In kullum aka kashe sai ya rikice, ɗan batirin ciki ne ya mutu, a canza shi.

Tambaya: WordPad ya ɓace, firinta kuma ta daina amsawa, na kashe kwamfutar na kunna har na gaji. Daga mai shagon buga takardu, Kakuri.

Amsa: WordPad cire shi aka yi daga 24H2, ba zai dawo ba. LibreOffice, wata manhajar rubuta takardu, kyauta ne, kuma ya fi Office ɗin sata da na san kana shirin nema. Kashewar da kake yi kuma ba kashewa ba ce: saboda Fast startup, Shut down yana adana wani sashe na tsarin ne ya dawo da shi yadda yake, har da matsalar. Restart za ka danna. In firintar ta ci gaba da taurin kai, cire ta daga Printers & scanners, sauko da direbanta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ba faifan CD ɗin da ya zo cikin kwali ba, sannan ka kashe Let Windows manage my default printer don ta daina tura aikin kwastoma zuwa PDF.