Tsiron dawata ya yi fumfuna, tafasawa za ta gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa lemon malt na dawa a gida, marar giya, kuma burina wata rana in buɗe ƙaramar masana'anta. Wannan karon na jiƙa tiya biyar, a kwana na uku sai na ga kore-kore da fari kamar auduga a jikin tsiron. Maƙwabciyata ta ce in wanke in shanya, tunda za a tafasa babu komai. Ina jin asarar, amma yarana ne ke fara sha.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki zubar da shi gaba ɗaya. Kada ki ba awaki ko saniya, domin dafin fumfunar yana fita ta nononsu.

Da a ce farin ne kawai kika gani, da sai in ce ki duba da kyau. Saiwar tsiro tana da gashi fari siriri, yana tsayawa a jikin saiwar kaɗai, kuma da an yayyafa ruwa yake kwantawa. Amma kore a jikin ƙwaya, ga warin ruma, wannan fumfuna ce.

Maganar nan ta "wuta tana kashe komai" ta cuci mutane da yawa, kuma kullum sai an maimaita ta a kasuwa da gidajen biki kamar karatu. Gaskiya ne wuta tana kashe fumfunar, amma ba ta taɓa dafin da ta riga ta zuba a cikin ƙwayar. Wasu irin koren nan suna fitar da dafin da ake kira afulatoksin. Ruwanki yana tafasa a digiri 100, shi kuwa ba ya lalacewa sai zafi ya haura digiri 200 da nisa. Ki tafasa yini guda, yana nan. Wanki ba ya fitar da shi don ya shige ciki. Ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, kuma ido ba ya bambanta koren da ke da dafi da wanda ba shi da shi. Hanta yake ci a hankali, yana jawo kansar hanta musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, yana kuma tsumburar da yara. A Kenya a shekarar 2004 mutum 317 suka kwanta saboda masarar da ta yi fumfuna, 125 suka rasu, kuma dafaffen abinci suka ci. Duk mai ce miki "mu haka muke yi, ba abin da ya same mu", ki tambaye shi yaushe ya gwada hantarsa.

Yawanci daga jiƙo ake samun matsalar. Ki sayi farafara ko kaura sabuwa, kada ki kusanci irin shuka mai launi, an yi masa magani. Ki baza ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma. In ƙasa da 90 suka tsira, ki canja dawa, domin matattun ƙwayoyi su ne abincin fumfuna. Ki wanke, ki kwashe masu tasowa sama. Ki jiƙa awa takwas, ki tsiyaye ta sha iska awa biyu, ki sake sabon ruwa, haka har kwana guda. Ki baza a tsabtataccen buhun algarara, kaurin kada ya wuce faɗin tafin hannu. Tulin da ya yi kauri yana ɗaukar zafi a tsakiya. Ki cusa hannu, in kin ji ɗumi sosai ki barbaza. Juyawa safe da yamma, yayyafi kaɗan, kwana huɗu zuwa biyar.

Sai shanya a rana mai ƙarfi, a kan tabarma ko leda, har ƙwayar ta riƙa ƙaras a haƙori. Ki murje saiwa da tohon ki sheƙe su sarai, akwai sinadarin sayanayid mai guba a cikinsu. Da damina, in ba ki da na'urar busarwa mai riƙe digiri 50, ki haƙura sai kaka.

Batun masana'anta kuwa, za ki bi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda za ta duba wurin aiki ta gwada samfur, kuma zirga-zirgar tana cin rai. Kafin nan ki ƙware a dumama kwalabe: bayan rufewa, minti 30 cikin ruwa mai digiri 70. In kin tsallake wannan, yis ɗin da ke iska zai cinye sukarin, lemon ya koma giya, kwalbar kuma ta fashe.